Ƙa'idar Aiki a Matsayin Dukiya: Tarken Wani Ra'ayi Game da Cibiyoyin Bincike

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya saba duba rahoton shekara na cibiyoyin bincike ya san abubuwan da akan jera a ciki. Akan kawo yawan littattafai da maƙalun da aka buga, da tarurrukan ƙara wa juna ilimi da aka halarta, da ɗaliban da aka yaye, sa'an nan a biyo da gine-gine da motoci da na'urori. Da wuya a ci karo da ambaton kundin da ya ƙunshi yadda ake gudanar da aikin kansa, wato yadda ake ɗaukar hira da dattijo, da yadda ake juyar da ita a takarda, da yadda ake ba tsohon littafi lamba idan ya shigo, da kuma wanda ke da ta cewa wajen karɓar wata kalma ko ƙin ta. Irin wannan kundi akan bar shi a durowar magatakarda, a ɗauke shi aikin ofis wanda bai kai matsayin ilimi ba.

Tun daga shekarun 1990 aka sami wasu masana harkar gudanarwa da suka ce wannan kuskure ne babba. A ganinsu, ƙa'idoji da tsare-tsaren aiki na cikin gida dukiya ce ta basira, wadda ya kamata a ƙididdige ta, a yi mata ƙima, a kuma tsare ta kamar sauran kadarori. Maƙasudin wannan maƙala shi ne yin tarken wannan ra'ayi. Za a fara da bayyana asalinsa, sa'an nan a gwada shi a kan wani aiki wanda tarihinsa ke rubuce dalla-dalla, wato babban ƙamus na Turanci na Okisfod. An zaɓi wannan misali ne domin ofishin ƙamus cikakkiyar cibiyar bincike ce, kuma aikinta kan fi ran ma'aikatanta tsawo, saboda haka a nan ne amfanin ƙa'ida ko rashinsa kan fito fili. Daga ƙarshe za a dubi ƙa'idojin rubutun Hausa da idon abin da aka gano. Matsayin maƙalar shi ne, masu ra'ayin sun yi daidai da suka kira ƙa'ida dukiya, amma sun yi kure wajen gane wace irin dukiya ce.

2.0 ASALIN RA'AYIN

Tushen ra'ayin yana komawa ne ga Michael Polanyi, masanin kimiyyar sinadarai wanda daga baya ya koma ga falsafa. A littafinsa mai suna The Tacit Dimension na 1966 ya nuna cewa ɗan'adam ya san abubuwa da dama waɗanda ba zai iya furta su ba, kamar yadda mutum kan gane fuskar wanda ya sani cikin taro, amma ya kasa bayyana yadda ya yi. A 1995 wasu malamai biyu na ƙasar Japan, Ikujiro Nonaka da Hirotaka Takeuchi, suka ɗauko wannan bambanci da ke tsakanin ilimin da ke ƙirji da wanda ke takarda, suka ce ƙarfin kowace ma'aikata yana ga yadda take mayar da na ƙirji ya zama rubutacce, sa'an nan rubutaccen ya sake shiga ƙirjin sababbin ma'aikata.

A shekarar 1995 ɗin kuma kamfanin inshora na Skandia da ke ƙasar Suwidin ya haɗa wa rahotonsa na kuɗi wani rahoto na daban a kan dukiyar basira, a ƙarƙashin jagorancin Leif Edvinsson. Littafin Thomas Stewart na 1997 ya ƙara yaɗa batun. Daga nan aka saba kasa wannan dukiya gida uku. Na farko shi ne abin da ke kawunan ma'aikata. Na biyu shi ne abin da ke cikin tsarin ma'aikatar, wanda ke nan ko bayan kowa ya tashi daga aiki. Na uku kuwa shi ne hulɗa da mutanen waje. Ƙa'idoji da ma'aunai da hanyoyin aiki duk a gida na biyu aka sa su.

Ra'ayin bai tsaya ga 'yan kasuwa ba. Cibiyar bincike ta Seibersdorf a ƙasar Ostiriya ta fitar da irin wannan rahoto na shekarar 1999, kuma dokar jami'o'in ƙasar ta 2002 ta wajabta wa jami'o'in gwamnati su riƙa gabatar da shi. A 2018 ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya, wato ISO, ta fitar da ma'auni mai lamba 30401 a kan tsarin kula da ilimi a ma'aikatu. Sai dai akantoci ba su bi sahu ba. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IAS 38, wadda aka fitar a 1998, ta tanadi cewa kuɗin da aka kashe a matakin bincike a rubuta shi cikin kuɗin da ya fita, kada a sa shi cikin kadara, domin ba a da tabbacin ribar da zai haifar. Wannan saɓani tsakanin masu gudanarwa da masu lissafi ya isa ya sa a tsaya a gwada ra'ayin, don sai an gwada akan san na ƙwarai.

3.0 MISALIN ƘAMUS NA OKISFOD

3.1 Aiki ba Tsari

A watan Nuwamba na 1857 Richard Chenevix Trench ya gabatar wa ƙungiyar masu nazarin harshe ta Landan maƙala a kan naƙasun ƙamusoshin Turanci na lokacin. Daga nan aka ƙudura yin sabon ƙamus wanda zai bi tarihin kowace kalma tun farkon bayyanarta a rubuce, ta hanyar kawo jumlolin da aka yi amfani da ita tare da shekarunsu. 'Yan sa-kai ne za su karanta littattafai su tsamo jumlolin a kan ƙananan katuna. Editan farko, Herbert Coleridge, ya rasu a 1861. Wanda ya gaje shi, Frederick Furnivall, mutum ne mai himma, amma ya rarraba haruffa ga mataimaka a gidajensu ba tare da sa musu ido yadda ya kamata ba.

Da aikin ya koma hannun James Murray a 1879, takardun da aka tattaro masa sun kusa tan biyu a nauyi. An tarar da mushen ɓera a wani buhu, wani kuma ɓeraye sun yi gida a ciki. Katunan harafin H sai a birnin Fulorens na Italiya aka gano su, waɗanda suka fara da Pa kuwa an same su a Ailan bayan an hura wuta da mafi yawansu. Ga littattafai, ga masu karatu, ga kuma wahalar fiye da shekara ashirin, amma wani kaso mai yawa na aikin ya tafi a banza domin babu tsayayyen tsarin da ya ɗaure shi.

3.2 Abin da Murray ya Kafa

Murray malamin makaranta ne a Mill Hill. Ya kafa rumfar kwano a harabar gidansa, ya shirya mata kantoci masu gurabe 1,029 domin jera katuna. A watan Afrilu na 1879 ya fitar da kira ga masu karatu, ya kuma bi su da umurni filla-filla. Kowane kati kalma ɗaya zai ɗauka, a rubuta ta a kusurwar sama ta hagu, a biyo da shekara da sunan marubuci da sunan littafi da shafi, sa'an nan jumlar kanta. In katuna sun iso sai a jera su bisa haruffa, aikin da 'ya'yansa ma suka riƙa yi, daga nan a rarraba su bisa ajin kalma, da ma'ana, da tsufan shekara, kafin edita ya rubuta bayani.

Abin lura shi ne, ƙa'idar ba ta zo cikakkiya ba, aiki ne ya riƙa gyara ta. Murray ya lura cewa masu karatu sun fi ɗokin baƙin kalmomi, suna tsallake na yau da kullum. Ya tarar da misali wajen hamsin na wata kalma da ba a cika ji ba, abusion, alhali sananniyar 'yar'uwarta, abuse, ba ta sami ko biyar ba. Saboda haka ya nanata wa masu karatu su riƙa kawo jumlolin kalmomin da kowa ya sani. Wannan gyara sakamakon bincike ne, daidai da kowace maƙala ta ilimi, domin ya gano wata ɗabi'a ta mai karatu wadda ke gurɓata samfuri.

3.3 Abin da Misalin ya Tabbatar

Kashin farko na ƙamus ɗin ya fito a 1884, daga A zuwa Ant. An yi zaton shekara goma za ta isa, amma ba a kammala ba sai 1928, da kalmomi fiye da 400,000 da jumlolin misali fiye da 1,800,000. Murray ya rasu a 1915 yana kan harafin T, Henry Bradley ya rasu a 1923, William Craigie da Charles Onions suka ƙarasa. Editoci huɗu ke nan, kowa da ma'aikatansa, amma mai karatu kan buɗe ƙamus ɗin ya tarar da tsari ɗaya daga farko har ƙarshe. An yi ƙari a 1933, aka yi wani ƙarin mai juzu'i huɗu a hannun Robert Burchfield daga 1972 zuwa 1986, bugu na biyu mai juzu'i 20 ya fito a 1989, sa'an nan aka sa shi a intanet a shekarar 2000. A watan Janairu na 2020 aka shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da Kannywood da buka, wadda ke da dangantaka da kalmar bukka ta Hausa, kuma kowace ta shiga ne da jumlolinta da shekarunta kamar yadda aka tsara tun farko.

A nan masu ra'ayin dukiyar basira sun ci nasara. Rumfar kwano ta rushe, mutanen sun shuɗe, kati ya ba kwamfuta wuri, amma hanyar aikin tana haihuwa har yau. Cibiyar da ta lissafa rumfa ta manta da hanya ba ta san abin da ta mallaka ba.

4.0 INDA RA'AYIN YA GAZA

4.1 Takarda ba ta Ɗaukar Ilimi Duka

Naƙasu na farko shi ne zaton cewa da zarar an rubuta tsarin aiki, to, ilimin ya bar ƙirjin ma'aikaci ya zama na ma'aikata. A 1974 masanin zamantakewar kimiyya Harry Collins ya wallafa nazarinsa a kan ɗakunan gwaji na Ingila da ke ƙoƙarin ƙera wata na'urar leza da ake kira TEA, wadda aka fara ƙerawa a Kanada. Ya gano cewa babu wanda ya yi nasarar ƙera mai aiki ta hanyar dogara da rubutaccen bayani kaɗai. Waɗanda suka dace su ne suka yi cuɗanya da wanda ya riga ya ƙera. Wato dai gani ya kori ji.

Tarihin ƙamus ɗin ma haka ya nuna. Onions ya shiga aikin a 1895, bai zama edita mai cin gashin kansa ba sai 1914. Umurnin cika kati ana iya koyonsa cikin yini guda, amma sanin inda ma'ana ɗaya ta ƙare wata ta fara, sai an zauna gaban gwani shekara da shekaru. Da Burchfield ya karɓi aikin ƙari a 1957 ya tarar da Onions a raye, ya kuma amfana da shi. Ashe abin da ya tsallake daga zamani zuwa zamani abu biyu ne a haɗe, rubutacciyar ƙa'ida da kuma silsilar waɗanda suka koye ta hannu da hannu. Rahoton da ya ware tsari a gida guda, ma'aikata a wani gida, ya raba abin da ba ya rayuwa a rabe. Illar wannan a aikace ita ce, shugaban cibiya na iya sallamar tsofaffin ma'aikata da sunan tsimi, yana ganin ai komai na cikin kundi.

4.2 Ƙa'ida Tana Adana Kuskure

Naƙasu na biyu shi ne, kadara a bisa al'ada abu ce da ake so ta dawwama yadda take, alhali ƙa'ida tana adana kuskure da irin amanar da take adana daidai. Jerin littattafan da aka ba masu karatun Okisfod ya karkata ga manyan marubutan adabi. A 1980 Jürgen Schäfer ya kwatanta yadda ƙamus ɗin ya tsamo kalmomi daga Shakespeare da yadda ya tsamo daga wani marubuci na zamaninsa, Thomas Nashe, ya nuna cewa an tace ayyukan na farko fiye da na biyu nesa ba kusa ba. Sakamakon haka aka daɗe ana jingina wa Shakespeare farkon amfani da kalmomin da wasu suka riga shi rubutawa. Haka nan an ƙi shigar da wasu kalmomin batsa na Turanci saboda kunyar zamanin, ba su shiga ba sai a ƙarin da aka fara fitarwa a 1972. Har ila yau katunan kalmar bondmaid sun ɓace a ofis, kalmar ba ta fito a gurbinta ba, sai a ƙarin 1933 aka mayar da ita.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rage darajar ƙamus ɗin. Abin da suka nuna shi ne, an iya gano kurakuran ne domin kowace jumla na ɗauke da shekararta da madogararta. Ƙimar tsarin tana ga yadda ya ba na baya damar kama shi da laifi. Tsarin da aka rufe shi daga suka domin a kare darajarsa a takardar lissafi, bashi ne cibiyar ke tara wa magadanta.

4.3 Matsalar Kalmar Kadara

Naƙasu na uku yana cikin kalmar kanta. Kadara tana da mai ita, kuma in an ba wani ta ragu. Ƙa'idar bincike kuwa ba haka take ba. Hanyar bin tarihin kalma ba Okisfod ce ta ƙago ta ba. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fara nasu ƙamus na Jamusanci a 1838, aikin da bai kammala ba sai 1961. Shi kuma Craigie ya ɗauki hanyar Okisfod ya tafi da ita Shikago, inda ya jagoranci ƙamus na Turancin Amurka da aka gama a 1944. Babu wanda ya yi asara a wannan aro.

Malaman ƙasar Hausa sun san irin wannan tun da daɗewa. Littattafan da aka kwafa da hannu ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake cikin bango da gafaka. Mai kwafi kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, domin in takardu sun watse a iya mayar da su a jere. Wannan ƙaramar ƙa'ida ta ceci littattafai masu yawa, kuma masu tsara tsofaffin rubuce-rubuce suna dogara da ita har yanzu. Amfaninta ya samu ne domin kowa ya san ta, kowa yana bin ta. Da wata makaranta ta riƙe ta a matsayin sirrinta, da ba ta tsinana komai ba. Gaskiya ne kamfanin da ke neman riba yana da dalilin ɓoye wasu dabarunsa, amma cibiyar bincike da ta ɓoye hanyar aikinta ta hana a tantance sakamakonta, kuma sakamakon da ba a iya tantancewa bai cika ilimi ba.

4.4 Ƙirga Abin da ke da Sauƙin Ƙirgawa

Naƙasu na huɗu ya shafi awo. In aka ce a yi wa tsari ƙima da lambobi, abin da hannu zai fi saurin kaiwa gare shi shi ne yawan kundaye da yawan shafuka da yawan takardun shaida. Cibiya na iya tara kundi talatin da babu mai buɗe su, ta fi wadda ke da shafi biyu da kowa ke aiki da su maki. Umurnin Murray ga masu karatu gajere ne ƙwarai, kuma babu akantan da zai iya yi masa farashi a 1879. A wannan gaɓa taka-tsantsan na masu lissafi ya fi kusa da gaskiya.

5.0 WAIWAYE GA ƘA'IDOJIN RUBUTUN HAUSA

Waiwaye adon tafiya. Nazarin Hausa yana da nasa tarihin ƙa'ida, kuma duk abubuwan da aka ambata a sama suna da gurbi a cikinsa. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko a 1912. Ƙamus na G. P. Bargery ya fito a 1934 da kalmomi wajen 39,000. A shekarun 1930, zamanin Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka sami gindin zama, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su tun daga 1939. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An yi taron Bamako a 1966 a ƙarƙashin UNESCO, an yi na Kano a 1972 bayan kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a 1969, an kuma yi na Yamai a 1980 domin daidaita rubutu tsakanin Nijeriya da Nijar. Littafin Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce, na 1988 ya tattara kaso mai yawa na wannan tarihi.

Waɗannan ƙa'idoji dukiya ce ba ko shakka. Su ne suka sa Basakkwace da Bakano da Badamagare ke karanta littafi ɗaya. Amma abin da kan iso ga ɗalibi galibi hukunci ne tsirara, ba tare da hujjarsa ba. Akan ce masa ya haɗa akan a wuri kaza, ya raba a kan a wuri kaza, sai ya haddace. Da an nuna masa cewa na farko yana nuna aikin da aka saba yi, kamar a ce akan yi ruwa da damina, na biyu kuwa yana nuna wuri, kamar a ce a kan tebur, da ya iya yanke hukunci da kansa a inda littafi bai ambata ba. Hukuncin da ya rabu da hujjarsa shi ne kan fara lalacewa idan waɗanda suka yanke shi sun kau.

Haka nan rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ta yadda fara ta farawa da fara ta launi da fara ta ƙwaro duk siffarsu ɗaya, haka kuma kuka na hawaye da kuka ta miya. Wannan sassauci ne mai amfani ga jama'a, amma manazarci dole ya nuna bambancin, kuma hanyoyin nunawa sun sha bamban. Wasu kan ninka wasali, wasu kan ɗora masa layi. Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. A zamanin takarda mai karatu kan daidaita waɗannan da idonsa. Kwamfuta kuwa ba ta yin wannan alfarma, kalma ɗaya mai siffa uku kalmomi uku ce a wurinta. Duk cibiyar da ke tara matanonin Hausa a na'ura ba tare da rubutaccen tsarin da ya fayyace waɗannan abubuwa ba, tana iya wayar gari da irin buhunan da aka kai wa Murray.

Akwai kuma batun haƙƙi. Ƙamus na Hausa na 1949 ya fito da sunan R. C. Abraham da na Malam Mai Kano, amma bugu na biyu na 1962 da sunan Abraham kaɗai aka san shi. Ilimin da ke ƙirjin mai harshe shi ne ya fi saurin ɓacewa daga lissafi, domin da zarar ya shiga tsari sai a ce na ma'aikata ne. Wannan haɗari ne da ra'ayin dukiyar basira ke iya ƙara wa ƙarfi in ba a yi hattara ba.

6.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta nuna cewa masu kiran ƙa'idar aiki dukiya sun gyara wani tsohon sakaci, kuma tarihin ƙamus na Okisfod ya goyi bayansu. Ta kuma nuna cewa kwatanta ta da kadarar da ake kullewa a yi mata farashi ya ɓatar da hanya ta fuska huɗu. In dai kwatance ake nema, ƙa'ida ta fi kama da irin shuka. Manomi ba ya cin iri, ba ya kuma barin sa ya shekara goma a rumbu, yana zaɓensa kowace kaka, kuma ba wa maƙwabci ba ya rage masa amfanin gona.

Bisa ga haka, abin da ya kamaci cibiyoyin nazarin harshe da al'adu abu huɗu ne. Na ɗaya, a rubuta kowace ƙa'ida tare da hujjarta da ranar da aka yanke ta da sunayen waɗanda suka yanke, a kuma adana tsohuwar idan an sauya. Na biyu, a haɗa kowane tsohon ma'aikaci da ƙarami tun kafin lokacin ritaya ya gabato. Na uku, a buga ƙa'idojin a fili domin a soke su a kuma ara. Na huɗu, kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i su karɓi rubuta tsarin aiki a matsayin aikin ilimi, su auna shi kamar yadda suke auna maƙala. Matuƙar wanda ya share shekara yana tsara yadda za a juyar da hira a takarda ba ya samun ladar wanda ya rubuta shafi goma a mujalla, to, masu basira za su ci gaba da gudun wannan aiki, kuma kowane sabon ayari na manazarta zai riƙa fara aikin daga tushe.